Kusa Mai Ɗigo

Da hantsi aka kawo wa Sufeto Mukhtari rahoto: motar albasar Alhaji Lawwali ta kife a hanyar Tozai, direbanta Abdulaziz ya rasu nan take. Injin ne ya tarwatse tana cikin gudu, ga shi kwanan nan aka sauke shi aka gyara a garejin Yari. 'Yan tasha har sun yanke hukunci. Da ƙyar aka ƙwaci Yari a hannunsu aka kai shi caji ofis.

Sufeto ba ya sayen hukuncin tasha. Ya je wurin haɗarin, ya zaro wata kusa da ta karye cikin injin, ya kankare kanta da makulli. Baƙin fenti ya fita, wani ɗan ɗigo ya bayyana.

"Wannan fa?" ya tambayi Yari da ya koma caji ofis.

"Alamata ce, ranka shi daɗe. Duk kusar da na kwance daga inji buga mata ɗigo nikai, don ta riga ta miƙe. In anka sake ɗaure ta, karyewa takai. Buhun tsohon ƙarfe nika zuba su."

"To ya aka yi ta koma injin?"

"Alhaji ya kawo min su cikin leda, sabbi. Wallahi ban ga ɗigo ba."

"Wa ke sayen buhun?"

Yari ya ce, "Uzair mai kayan gyara."

Abin bai yi wa Sufeto daɗi ba, domin Uzair yayan mamacin ne. A tabarmar ta'aziyya ya same shi, ya ja shi gefe.

"Kai ka sayar wa Alhaji kusoshi?"

"Ni ne. Daga Konni nika sawo su, sabbi fil."

Sufeto ya dubi hannunsa. Baƙin fenti ya kwanta a ƙarƙashin farce.

"Mu je ka buɗe shago."

A bayan kanta suka tarar da gwangwanin fenti, da tarin leda, da kusoshi shanye a kan kwali. Sufeto ya kankare ɗaya, ya nuna masa ɗigon. Uzair ya dubi ɗigon.

"Ni nika fente su. Amma Alhaji na da motoci da yawa. Bai ce min ta Abdulaziz za a sa wa ba."

"Ta wa ka so a sa wa?" in ji Sufeto.

Uzair ya miƙa hannuwansa. Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi ta gaban mutanen da suka zo yi masa ta'aziyya.