Jibin Hansai

Mai kwalekwale har ya dafa gora zai tura, sai ga Hansai a guje da takarda a hannu.

"Baba, tsaya don Allah! Ka kai wa Kakana a tsallake!"

Ka san likitan ido ne zai zo garin da take makaranta, yini ɗaya tak, ga idon Kaka kullum ƙara rufewa yake yi.

Tsohon mai kwalekwalen ya ce, "In ta jiƙe fa? Karanta min in riƙe a ka."

Ta karanta tana haki: "Likita zai zo jibi. Ka zo da wuri."

"Jibin wa, 'yata? Takardar nan sai ta kwana a hanya."

Fasinjoji suka fara tsaki, ga hadari ya haɗo. Hansai ta soke, ta rubuta "ranar Alhamis."

"Da wurin fa, yaushe ke nan? Kakan naki ai sai ya ba awaki dusa, ya sha kunu, ya gaisa da rabin gari."

Wata mata ta ce, "Malam, mu tafi mana!"

Kwalekwale ya fara barin gaɓa. Hansai ta faɗa ruwa har gwiwa, ta dafa takardar a tafin hannu, ta rubuta: "Ka shigo jirgin farko bayan asuba. Likita zai tashi da azahar." Ta miƙa, da ƙyar tsohon ya cafe.

Ran Alhamis ana kiran azahar Kaka ya fito daga wurin likita, shi ne na ƙarshe da aka duba.

To kai fa, da "jibi da wuri" aka kai masa, yaushe kake jin zai iso?