Ta Zaɓar Min Ta Gaske

"Ƙwayar banza kika ba ɗana!"

Kwalbar da uwar ta jefa ta daki bango, murfin ya yi nasa wuri, fararen ƙwayoyi suka watsu a barandar asibiti har ƙarƙashin benci.

Budurwar da ɗan zai aura ba ta sunkuya ta tsince ba.

"Umma, don Allah ki saurare ni..."

"Kar ki ƙara ce min Umma! In dai ina numfashi, ba ke ba gidana!"

A bayan Umma 'yar ƙanwarta ce tsaye, nas a asibitin, ta langaɓe kai irin na mai tausayi, idon nan kuwa fes, ko ɗigon hawaye babu. Tun da aka sa ranar auren ɗan Umma da wata ba ita ba take neman kafa, yau ta samu.

Wata mura ce mai kama huhu ta shigo gari, asibitin ya soma bincike a kan ma'aikatansa, a ga ko bitamin D na hana kamuwa. Rabi suna shan na gaske, rabi suna shan ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta. Kwamfuta ce ta raba, kwalabe iri ɗaya, lamba kawai ta bambanta su. Ita amaryar nata aikin a tagar ɗakin magani, ta duba lamba ta miƙa, ba ta san me ke ciki ba. Shi kuwa angon nata, direban motar ɗaukar marasa lafiya, ba kishin ilimi ya kai shi ba. Dalilin tsayawa a tagarta yake nema, ya samu.

Ta sha faɗa masa.

"Ka sa takunkuminka. Ba mu san ko yana karewa ba, shi ya sa ake gwadawa."

"Haba likitata! Ba an ce masu ƙarancinsa sun fi kamuwa ba?"

"Haka aka gani. Amma mai rauni shi ne ke kwance a ɗaki ba ya shan rana, kuma rana ce ke sa jiki ya samar da shi. To wanne ya riga wanne? Gwaje-gwajen baya ma wasu sun ga ɗan amfani, wasu ba su ga komai ba."

"Ke dai kin faye tsoro, hasken idona."

Yanzu ga shi can bayan gilashi, a ɗakin da ba a shiga, an ɗaura masa iskar numfashi.

"Ita ke miƙawa, Umma," 'yar ƙanwar ta ce a hankali. "Wai a ce mai miƙawa ba ta san abin da take miƙawa ba? Ni dai da ni ce..."

Wayar amaryar ta yi ƙara, sunansa ta gani. Ta ruga jikin gilashin.

"Masoyi..."

"Kar ki yi kuka..." Muryar ta dusashe, kowace kalma sai ya huta. "Ki faɗa wa Umma... ni na san na gaske kika ba ni. Na gan ki ai."

"Me ka gani?"

"Ranar farko... kin ɗauko kwalba, kin kalle ni... kin mayar, kin ɗauko wata. Na ce shi ke nan... ta zaɓar min ta gaske."



Ta tuna ranar sarai. Surutunsa ne ya ɗauke mata hankali ta ɗauko kwalbar wani, ta ga lambar ba tasa ba ce, ta sauya. Kallon kuwa harara ce.

"Tun ranar ka daina sa takunkumi?"

"Zafi yake sa ni... kuma tsoron me zan ji? Hannunki ne ya ba ni."

Ta jingina goshinta da gilashin. Ƙarya ta zo mata har baki, mai daɗi, wadda za ta kwantar masa da hankali. Amma bai taɓa jin ƙarya daga bakinta ba.

"Lamba na gyara, masoyi. Wallahi ban san me ke ciki ba. Da na sani ma, ban da ikon zaɓa..."

Sai ya fara dariya, tari ya ƙwace dariyar, na'urar kansa ta hau ƙara.

"Kai... ashe ni kaɗai nake ta soyayyata..."

"Ba kai kaɗai ba! Wallahi ba kai kaɗai ba!"

"Na sani... ki bar min nawa labarin. Ya fi daɗi."

Nas-nas suka rufu a kansa, aka ja labule.

Da la'asar likitansa ya buƙaci sanin abin da yake sha kafin ya sauya masa magani. Shugabar binciken ta zo da kanta, ta faɗa a gaban kowa.

"Na gaske yake sha."

'Yar ƙanwar ta sunkuyar da kai, ta sulale. Umma ta dafa benci ta zauna.

"To in na gaske ne... me ya sa bai kare shi ba?"

Ba wanda ya sani.

Washegari da hantsi angon ya cika.

Amaryar ta koma aiki ne don ɗaki ya gagare ta zama. Tana miƙa kwalabe ba ta ɗaga ido, tsoro take kar wani ya karanci wani abu a fuskarta. Rannan ta ji an tsaya a taga ba a miƙo lamba ba.

Umma ce, ta rame, idanun sun faɗa.

"An ce ina da ikon cewa a cire shi daga bincikenku. Yarinyar can ta dame ni in cire shi."

"Kina da iko, Umma."

"In an cire shi fa?"

"Waɗanda suka sha na gaske suka kamu za su ragu da mutum ɗaya. Ƙwayar za ta fi kyau a ido fiye da yadda take."

"In an bar shi, zai nuna ba ta aiki?"

"A'a. Mutum ɗaya ba ya nuna komai, sai an haɗa kowa da kowa."

Mutum ɗayan shi ne duk abin da take da shi.

Umma ta zura hannu ta taga, ta kama nata ta matse.

"To ku haɗa da shi, 'yata. Kar ku ɓoye min ɗa."