Minti Huɗu na Shiru

A ɗakin gwaji suka fara haɗuwa, ɗakin nan mai kujera biyu da gilashin da malamai ke kallo ta bayansa. Dukansu digiri na biyu suke yi a fannin ba da shawara. Aka sa ta yi kamar mai damuwa, shi kuma ya saurare ta. Ko jimla biyu ba ta kai ba ya zazzago mata shawara bakwai. Ranar ta laƙaba masa Rediyo, ranar kuma ta shige zuciyarsa.

A jarrabawa ba mai kama ƙafar Rediyo. Amma Farfesa, dattijuwar da ke kula da horonsu, ba maki kaɗai take dubawa ba.

"Ɗana, kanka na ja," ta ce, "amma ba ka barin mutum ya gama jin ciwonsa. In ba ka gyara ba, kwamiti ba zai ba ka shaidar aiki ba."

Lokacin Rediyo ya riga ya fara neman aurenta. Da maganar ta kai kunnen mahaifin yarinyar, ya ce, "Wanda malamansa ke tsoron damƙa masa mutane, ni zan damƙa masa 'yata?"

Yarinyar ta sha kukanta, sannan ta tura wa Rediyo saƙo: "Rediyona, ba cewa na yi ka daina magana ba. Ka daina tsoron shiru."

Ya amsa: "To, sanyin idona." Kalma uku kacal, abin da bai taɓa yi ba.

Ranar gwajin ƙarshe, wani tsohon direba da matarsa ta rasu ya yarda a kalli zamansa da Rediyo. Ita tana bayan gilashi tare da malamai. Tsohon ya fara magana, sai muryarsa ta sarƙe. Ta ga leɓen Rediyo na motsi. Sai ya haɗiye maganar, ya matso wa tsohon da ruwa, ya jira.

Minti huɗu cur. Wallahi ko tari ba wanda ya yi. Ba ta taɓa sanin shiru na da girma haka ba.

Can tsohon ya ce, "Har yau kofi biyu nake ɗaukowa da safe. Ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Farfesa ta cire tabarau, ta goge ido, ta sa hannu a takardar Rediyo.

Da ya kai wa mahaifinta shaidar, dattijon ya yi awa guda yana zuba labari, Rediyo na saurare. Ba a yi wata uku ba aka ɗaura aure.

"Allah ya yi muku albarka," in ji mahaifin. "Amma 'yata, wane azzalumi ne ya sa wa wannan bawan Allah suna Rediyo?"