Auta da Jiƙaƙƙen Kasko

A gidan su Auta an raba aikin kicin. Auta ce mai wanke-wanke, Yayanta kuma mai gogewa.

Akwai wani baƙin kaskon ƙarfe mai nauyi da Mama ta gada daga Kaka. Shi ba a barinsa da ruwa. Sai an goge shi, a ɗora a wuta ya bushe, a shafa masa ɗan mai.

Ran nan Auta ta gama wanke kaskon, ta waiga. Babu Yaya. Ya ji ƙarar ƙwallo a waje ya sulale.

"Lallai ma Yayan nan!" in ji Auta. Ta banƙaro ƙirji, ta yi babbar murya irin tasa: "'Auta, yanzun nan zan dawo.' Kullum yanzun nan! Wallahi ba zan goge ba. Ba aikina ba ne!"

Ta tura kaskon ƙarƙashin kantar kicin da ruwansa. So take Yaya ya sha faɗa.

Kullum sai ta leƙa. Ɗigon tsatsa ya fito. Ya yi girma. Ya haifi 'ya'ya. Auta sai ta rufe baki tana dariya.

Wata safiya Mama ta jawo kaskon za ta soya ƙwai. Cikinsa ya yi ja wur.

"Innalillahi! Kaskon uwata! Wa ya yi mini wannan aika-aika?"

Yaya ya fara sosa ƙeya. "Mama, ni fa na manta ne."

"Ƙarya yake yi!" Auta ta yi tsalle ta shiga tsakiya. "Ƙwallo ya tafi! Da idona na ga tsatsar tun tana 'yar mitsitsiya. Kullum ina dubawa!"



Mama ta juyo a hankali. "Kullum kina dubawa?"

"E mana... wato... a'a..."

"Shi mantuwa ya yi, kuma zai ji a jikinsa. Ke kuwa kina kallo ƙarfe yana lalacewa, kina jin daɗi. Kin san wa Kaka ta ce a ba kaskon nan idan ta girma?"

Auta ta girgiza kai.

"Ke."

Yaya ya fashe da dariya. Ya ƙanƙance murya, ya riƙe ƙugu: "'Ba aikina ba ne!'"

"Rufe mini baki, sarkin ƙwallo," in ji Mama. "Ungo soson ƙarfe."

Suka durƙusa. Yaya ya kankare, Auta ta kankare, har yatsunsu suka yi zafi. Suka ɗauraye jan ruwan. Auta ta goge kaskon tas, Mama ta ɗora a wuta. Suka shafa mai da tsumma, aka gasa, aka sake shafawa. A hankali baƙinsa ya dawo, yana ƙyalli.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji Auta. "Yaya, kai ma. Amma kaɗan."

Mama ta fasa ƙwai a ciki. Ya soyu, ya zame bai kama ba.

Daga ranar Auta ta gane: idan ka bar abu ya lalace don wani ya sha faɗa, kai ma ka yi laifi, kuma asarar tana iya zama taka.

Har yanzu tana yi wa Yaya tsiya. Amma sai ta goge kaskonta tukuna.