Garkuwar da Ta Hana Auta Wasa

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, gwanar ƙirƙiro wasa. Ita ta ƙago wasan da suke yi a teburin falo kowace Asabar. Kowa yana da kati mai hoton jaruminsa. Ɗiyar maƙwabta ce mai ba da labari: ga daji, ga kogi, ga dodo. Idan haɗari ya taso wa jarumi, mai shi zai jefa ɗan ludo a ga ko zai tsira.

Jarumin ƙaninta Auta maharbi ne. Da kansa ya zana shi, kunne ɗaya ya fi ɗaya girma. Ranar farko dodo ya cafke maharbin. Auta ya yi kuka har da majina.

Abin ya tsaya wa yarinyar a rai. Ta yanko kwalin sabulu, ta zana wa kanta sabon jarumi mai garkuwa. Ta rubuta a ƙasa da jan biro: "Duk haɗarin da ya nufo maharbi, mai garkuwa ne zai tare, shi zai yi jifa."

Ta ji daɗin dabararta ƙwarai. A ganinta ta gama da kukan Auta.

Asabar ta zo. Mai labari ta ce, "Ga kura ta nufo maharbi!"

Auta ya miƙa hannu. Yarinyar ta riga shi ɗaukar ɗan ludon.

"Bari, na tare maka."

"Yaya, ni ma ina so in jefa."

"In ka faɗi fa? Ka cika mana kunne da kuka?"

Haka aka yi Asabar uku. Maharbi bai ji ko ƙwarzane ba. Auta kuwa ya daina dariya, sai dai ya yi tagumi yana kallo.

A ta huɗu ya tura mata katinsa.

"Riƙe, Yaya. Dama ke kike wasa da shi."

Ya sa takalmansa ya fita. Bai yi kuka ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo.

Ɗiyar maƙwabta ta taɓe baki. "To, mai garkuwa, yau wa za ki tsare? Kujera?"

Yarinyar ta sami Mama tana guga, ta ce da hawaye, "Mama, kare shi nake yi, amma ko godiya babu."

Mama ta ajiye dutsen guga. "Tun da kika fara kare shi, sau nawa ya jefa ɗan ludon nan?"

Yarinyar ta yi lissafi a ranta. Can ta ce, "Ko sau ɗaya."

"Da yana koyon tafiya, sau nawa ya faɗi a gabana? Da na hana ƙafarsa taɓa ƙasa, da har yau yana goye a bayana."

Kunya ta kama yarinyar. Ta koma teburi, ta soke rubutun nan, ta sake wani: "Mai garkuwa ba zai tare ba sai maharbi ya kira shi. Sau biyu kawai a wasa."

Ta tarar da Auta zaune a bakin ƙofa. Ta miƙa masa katunan biyu.

"Ka yi haƙuri, Auta. Karanta ka gani."

Ya karanta a hankali, yana bin layin da yatsa.

"In ban kira ba fa?"

"Sai in kama bakina."

Suka koma wasa. Dodo ya fito. Yarinyar ta danne hannunta a ƙarƙashin cinya. Auta ya jefa, ɗaya kacal ta fito, maharbi bai tsira ba. Dodo ya yage wa maharbi wando.

Auta ya fashe da dariya har da buga teburi. Sannan ya juyo ya ce, "To Yaya, yanzu zo ki tare mini!"

Ranar ce yarinyar ta gane cewa kare mutum ba ƙwace masa damarsa ba ne. Ka tsaya kusa da shi, ka bar shi ya gwada, in ya kira ka amsa.