Itatuwan da Suka Wuce Zane

Da ruwa ya janye aka ga gawar wani tsoho, Tonton Fénelon, a kife a ɗakinsa na ƙasa, keken guragunsa na gefe. Cikar tekun Oktoba ce, Miami ta saba da ita. Amma tun da aka dasa itatuwan ruwan gishiri a bakin unguwar, igiyar ruwa ba ta ƙara shiga gida ba. Wannan karon ta samu ƙofa: wani yanki na itatuwan ya bushe ƙayau.

Sufeto Mirlande Désir ta duba gindinsu. An huda kowanne, an ɗura guba, an toshe da ɗan katako gogagge.

Unguwa ta riga ta yanke hukunci: Wilner masunci ne ya aikata, don kullum yana mitar an tare masa hanyar kwalekwale. Har an fasa masa taga.

"Kawu, kai ne?" Mirlande ta tambaye shi.

"'Yata, a saiwarsu kifi ke ƙwai. Bakina ke zagi, cikina bai haukace ba."

Madam Yolette kuwa, wata 'yar unguwar, sauron itatuwan take kuka da shi.

"Haba 'yar nan! Na bayan gidana ga su kore shar. In kashe na wani, in bar masu cizona?"

Mirlande ta cire takalmi ta shiga laka, ta tsaya tsakiyar busassun. Giɓin a karkace yake, ba mashigar kwalekwale ba ce. Ta juya wa teku baya, ta ɗaga kai. Baranda ɗaya tak take gani.

Ta Mista Whitcomb ce, wanda ya zana sabuwar unguwar, gidaje kan dogayen ƙafafu, har ya ci lambar yabo. Ya tarbe ta da shayin ganyen da ba shi da ɗanɗano, yana bayanin yadda gari zai koyi numfashi tare da teku.

"Teku ya fito ras daga nan, Yallaɓai. Maƙwabtanka ganye kawai suke gani."

"Sa'a ce."

"Sa'ar da ta nufo kujerarka a miƙe? Wanda ake gani daga giɓin, shi ke ganin teku. Kuma ɗan unguwa da leda zai toshe rami. Katakon nan irin na barandarka ne."

Ya ajiye kofi.

"Leda ba ta ruɓewa," ya ce a hankali. "A zanena itatuwan ba su wuce tsayin mutum biyu ba."

"Ba su karanta ba ke nan. Tsoho ya mutu, Yallaɓai."

"Ban san da mutum a can ƙasa ba."

"Kai ka zana unguwar."

"A zanen, lambu ne a wurin."

Ta ciro ankwa.

"Miƙo hannu. Kar ka damu, ta ƙarfe ce. Ana sake amfani da ita."