Askin da Yaya Mezyan Ya Yi Kafin Lokaci

Daf da magariba na goya Tiziri, 'yata, na kwashi tsofaffin barguna na gangara garke, ina tafe ina zagin yayana a zuci.

Kowa a kan dutsen nan namu ya san ba a aske tumaki sai Kwanakin Tsohuwa sun wuce, wato sanyin nan da ke juyowa bayan ɓaure ya yi toho, mutane sun ɗauka an gama. Amma Yaya Mezyan, da ya yi zaman birni ya dawo da kai kamar tulu, rana ta ɗan haska kawai ya wasa almakashi.

Na ce masa, "Yaya, ka bari ta wuce mana."

Ya ce, "Ke tafi can! Tsohuwarku ta mutu, ni na binne ta. In tana da rai ta zo ta karɓi gashin."

Ya aske su tas, ya kai ulun kasuwa. Ko mako ba a rufa ba iska ta taso daga kan duwatsu, ta kakkaɓe furen itatuwa, ruwan randa ya daskare. Shi kuwa gogan yana gindin murhu yana loda kuskus. Ni ce baiwa, ni zan je in lulluɓe tumakin da ya tsiraita.

Hanyar ba kowa. Iska na dukan fuskata, rassan zaitun na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Tiziri ta lafe a bayana, ina jin ɗumin numfashinta a wuyana.

Da na iso garke sai iskar ta ɗauke ɗif.

Tumakin sun cure a kusurwa. Ba mai kuka. Wani wari ya buge ni, na jiƙaƙƙen ulu da tsohuwar toka.

Sai na ji ƙarar mazari. Firrr. Firrr.

Wata tsohuwa ce zaune a kan dangar dutse, tana kaɗi, alhali ba ko sili a hannunta. Ƙanƙara ta daskare a girarta. Bakina na fitar da tururi, nata babu.

Na ce, "Sannu, Kaka."

Ba ta ɗago ba. Cikin raɗa ta ce, "An ce na mutu."

"Ba ni na faɗa ba."

"An aske a kwanakina. Ina gashina?"

Na miƙa mata bargunan. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ban ga tashinta ba, sai jin ta na yi a bayana, sanyi ya ratsa ni har ƙashi.

Ta zame hular Tiziri, ta taɓa gashin ƙeyarta.

"Wannan da laushi," in ji ta. "Zai kaɗu."

Numfashin da ke wuyana ya fara hucewa.

Na yi Bismillah, harshe ya ƙi. Tsoro ya kama ni, amma wallahi haushi ya fi shi. 'Yata za ta biya bakin wani ƙato?

Na ce, "Kaka, mai almakashin yana gida. Ƙofa mai shuɗin fenti, bayan masallaci. Shi ya ce ki zo ki karɓa."

Ta janye hannunta.

Sai iska ta fashe, ta bi ta kaina ta haura gari. Tiziri ta tsala ihu. Ban taɓa jin abu mai daɗin ihun nan ba.

Da gudu na hau, ina faɗuwa ina tashi. Na tarar da ƙofarmu a wangale, murhu ya mutu, toka ta yi sanyi. Yaya Mezyan na zaune inda na bar shi, cokali a hannu. Ba gashi ko ɗaya a kansa. Ba gemu, ba gira.

Har yau bai tsiro ba. A tsakiyar zafi, lokacin da ɓaure ke nuna, za ka gan shi a rana cikin alkyabba biyu, haƙora na kaɗawa. Ba wanda ya faɗa masa abin da na ce a garke, amma tun ranar bai ƙara cin abincin da na dafa ba.

Tiziri ta girma. A ƙeyarta akwai wani fili, girman ɗan yatsa, inda gashi ya ƙi fitowa, kuma kullum wurin sanyi ƙalau. Duk safiya in ina yi mata kitso sai na taɓa shi, in leƙa tsakar gida in ga Yaya na karkarwa. In tsohuwar ta sake tambayata, zan sake nuna mata ƙofar.